Hoton Sallar Da Ya Tare Layi A Jalingo

Yau ba hirar kasuwa na zo da ita ba. Wani ɗan abu ne da ya faru da ni a ƙaramar Sallar 2024, wanda na daɗe ina juya shi a raina, kunya ta hana ni faɗa. Daga baya na ga cewa in na yi shiru wani ɗan'uwa zai iya faɗawa cikin irinsa, kuma ba lallai ne nasa ya ƙare lafiya kamar yadda nawa ya ƙare ba.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da haƙuri da mai tsallake layi. A gidan mai, a banki, a asibiti, ni ne farkon mai ɗaga murya in ce, "Malam, ka ga mutane a nan fa." Har yara a shago suna yi mini tsiya wai da na shiga aikin soja da na yi nisa. To ashe gaskiyar masu iya magana ce da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni mutumin Funtuwa ne a jihar Katsina. Na zo Jalingo a 1998, na biyo kawuna mai sayar da yadi a babbar kasuwa, shekara bakwai ke nan a lokacin da ƙirƙiro jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a watan Agustan 1991. Da niyyar shekara biyu na zo, ga shi har na yi furfura. A nan na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana duka. Suna jin Fulatanci fiye da ni, sun san lungunan Sabon Gari da Magami da Mayo-Gwoi fiye da yadda suka san hanyar gidan kakarsu. Funtuwa a wurinsu gari ne da ake zuwa bayan an wuni a mota, an bi ta Numan da Gombe, an isa a gajiye.

A waccan Sallar ba mu samu zuwa gida ba, saboda kuɗin mota ya yi tashin da mutum biyar ba za su je su dawo ba sai an taɓa jari. Inna kuma, mahaifiyata, ƙafa ta hana ta doguwar tafiya. Ita ce ta aiko da shaddar da aka ɗinka wa autanmu, wanda rabonta da shi tun yana goye. Da muka yi waya ranar Sallah abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, "Ka ɗauko mini su gaba ɗaya cikin kayan Sallarsu, in ga yadda suka zama." Na ce in sha Allahu gobe za ta gani.

Washegari, Alhamis 11 ga Afrilu, bayan la'asar, na kwashi uwargida da yara uku muka shiga keke zuwa wani gidan wasan yara a cikin gari. Ba zan faɗi sunansa ba, domin masu wurin ba su yi mini laifin komai ba. Wanda ya san zafin Afrilu a Jalingo ya san abin da nake nufi in na ce ko da la'asar ɗin ma ƙasa huci take yi. Wurin kuwa ya cika maƙil. Ga lilo, ga dawakan da ke juyawa, ga gidan balan-balan da yara ke tsalle a ciki, ga ƙarar janareta, ga masu sayar da ƙanƙara da zoɓo. Abin da ya fi jan yara shi ne wani ɗan jirgin ƙasa mai zagaya filin, kuma layinsa ne ya fi kowanne tsawo.

Layin nan, mai karatu, Jalingo ce gaba ɗayanta a tsaye. Akwai Fulani, akwai Mumuye, akwai Jukunawa, akwai Tibi, akwai Ibo 'yan kasuwa, ga mu Hausawa. Da yake gwamnati ta ba da hutu, waɗanda ba su yi Sallah ba su ma sun kawo 'ya'yansu. Kowa kuma Hausa yake yi da na kusa da shi, kamar yadda aka saba a garin nan. Mun yi kusan rabin awa muna matsawa kaɗan-kaɗan a tsakanin ƙarafa biyu da aka kafa don kada layi ya watse, faɗinsu bai wuce na mutum biyu ba.

A daidai bakin shiga jirgin an yi wata 'yar ƙofa mai baka, an shafe ta da fenti kala-kala, an rataya furannin roba. Tun daga nesa na ƙyalla ido na ce a raina nan ne wurin hoton Inna. Da muka iso sai na ce wa yara su tsaya, na ja da baya taku biyu, na ciro waya. Na farko auta ya rufe ido. Na biyu hularsa ta karkace, uwarsa ta sunkuya ta gyara. Na uku babbar ta ce rana ta haske mata fuska. Na huɗu wani ya gifta ta bayansu. Ina jin yaron da ke karɓar tikiti yana cewa, "A matso, a matso," har sau biyu, amma a kunnena kamar da wasu yake. Uwargida ta ce a hankali, "Malam, mutane fa suna jira." Na ce saura ɗaya. Kafin in ɗauki ɗayan nan yaron ya ja sarƙa ya rufe, jirgi ya yi ƙara ya tashi. Da na ɗaga kai sai na ga kujerun baya babu kowa. Jirgin mai cin mutum 20 ya tafi da 12.

Mutumin da ke bayana yana saɓe da ɗansa a kafaɗa, yaron ya daɗe yana kuka saboda zafi. Da ya ga jirgi ya tafi sai ya ƙara sautin kukan. Uban ya dube ni ya ce, "Malam, gidan hoto ka zo ko gidan wasa?" Da a nan ya tsaya da babu abin da zan ce, don gaskiya ya faɗa. Sai ya ƙara da cewa, "Ku haka kuke. Duk inda kuka shiga sai kun mai da wurin naku."

Ba zan faɗi yarensa ba, domin ba shi ne abin dubawa ba. Amma duk wanda ya zauna a garin da ba a nan aka binne cibiyarsa ba ya san nauyin wannan "ku" ɗin. Nan take na manta da cewa ni ne na tare hanya. Jikina ya ɗauki rawa, na juya na ce, "Mu su wa?" Wasu samari uku a can baya, daga jin Hausarsu 'yan gida ne, suka fara kutsowa suna cewa, "Ya maimaita mana, da su wa yake?" Ta ɗaya gefen ma wasu suka fara matsowa kusa da shi. Mata suka shiga janye 'ya'yansu. Mu da ke zaune a Taraba ba sai an gaya mana yadda ƙaramar magana ke zama babba ba, mun ga garuruwan da aka yi asarar rayuka da dukiya a kan abin da farkonsa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, wallahi a wannan minti ɗin ban tuna da komai ba sai zafin maganar.

Allah Ya kawo mana sauƙi ta hannun wata dattijuwa da ke tsaye da jikokinta biyu. Daga ɗan gicciyen da ke wuyanta ka san hutu ne ya kawo ta. Ta ratso tsakaninmu ba tare da ta ɗaga murya ba, ta miƙo mini hannu ta ce, "Alhaji, kawo wayar. Ni ba hawa zan yi ba, yaran nan na rako. Ku shiga, in jirgi ya zagayo zan ɗauke ku, ya ma fi kyau a ciki." Sannan ta juya wajen mutumin ta ce, "Kai kuma ɗana, mutum ɗaya ne ya tare maka hanya, ga shi nan a gabanka. Me ya kai ka kiran jama'a guda?"

Sai wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan ne hankalina ya dawo jikina, na ga kujerun nan takwas a idona, na ga yaron da ke kuka. Na ce wa mutumin, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ni na yi laifi. Ku wuce gaba." Ya yi ɗan jim, ya ce, "Ba komai, zafi ne." Bai janye maganarsa ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Samarin nan suka koma wurinsu suna gunaguni. Da jirgi ya dawo muka shiga tare, ɗansa ya zauna kusa da autana.

A keke muna komawa gida, babbar 'yata, wadda a lokacin take aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ta ce, "Abba, da mutumin nan ya ce 'ku', su wa yake nufi? Mu ba 'yan Jalingo ba ne?" Na ce mata za mu yi maganar a gida. Gaskiya ba ni da amsa a lokacin, kuma wannan tambayar ce ta hana ni barci, ta sa na zauna na yi wa abin lissafi irin na ɗan kasuwa.

Ga yadda lissafin ya fita. A ganina minti biyu kawai na tsaya, kuma wa zai yi faɗa a kan minti biyu? Amma jirgin nan yana ɗaukar kamar minti 6 kafin ya zagayo, a sauke, a sake lodi. Kujera 8 da suka tafi babu kowa ba za su dawo ba. Ma'ana mutum 8 da ya kamata su tafi a wannan zagayen sai na gaba, su kuma sun ture wasu 8 daga na gaban zuwa na bayansa, haka abin zai yi ta tafiya har ƙarshen layi. Kowane zagaye an yi asarar minti 48 na jama'a in aka tara. Mutanen da ke layin za su kai lodi uku, ka ga minti 144 ke nan, sama da awa biyu na lokacin bayin Allah, a cikin rana, da yara a hannu. Da wani ya ci mini awa biyu a shago da sai an ji mu.

Lissafin ya kuma nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba, wato ba kowace tsayawa ce ke cutar da layi ba. In kana tsakiyar layi, saura mutum 30 a gabanka, ka tsaya ka ɗauki hoto har aka sami giɓi na taku biyar, sannan ka matsa ka cike, babu wanda ya yi asarar ko daƙiƙa ɗaya, tunda ko ka matsa da wuri jira za ka yi. Abin da kawai ka jawo shi ne ɓacin ran na baya, don mai jira yana samun sanyi ne in ya ga ana motsi, sannan giɓi yana kiran mai tsallake ya faɗo ciki. Amma a bakin ƙofa, inda ake lodi, ko a ƙuntataccen wurin da ba mai iya wuce ka, nan kowace daƙiƙa ta jama'a ce. Abin takaicin shi ne a daidai nan ɗin ne masu wuraren wasa suka fi ƙawatawa, nan ne kuma ido ya fi so.

Na tuna yadda muke hoton Sallah a da. Lokacin da na zo garin nan, in kana son hoto sai ka je shagon mai hoto, ka tsaya gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama, ya ce kada ka motsa, ya ɗauka sau ɗaya, ka dawo bayan kwana biyu ko uku in an wanke. Masu yawo da kyamara a wuya kuma fim ɗinsu 36 yake ci, kowane ɗaya kuɗi ne, babu mai cewa a sake don hula ta karkace. Hoto yana da wurinsa, yana da farashinsa. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, bayan wasu shekaru masu kyamara suka cika hannun kowa, sai wurin ya ɓace, farashin ma ya ɓace. Yanzu ko'ina shagon hoto ne, kuma za ka ɗauki goma ka goge tara ba ka biya ko kwabo ba. Sai dai na gane a ranar nan cewa ana biya, na bayanka ne ke biya.

Da na bi abin da karatu sai na ga ba mu kaɗai ne ke fama ba. Gidan wasan Disneyland da aka buɗe a jihar Kaliforniya ta Amurka a watan Yulin 1955, wanda yawancin irin waɗannan wurare suke kwaikwayo, ya daɗe da sanin cewa mutum ba zai zo da iyalinsa ya tafi ba hoto ba. Shekara da shekaru kamfanin Kodak yana kafa 'yan alluna a cikin wuraren wasan Disney masu nuna cewa ga inda hoto zai yi kyau, don mai kyamara ya san inda zai nufa. A 2015 kuma suka hana shiga da sandar nan da ake maƙala waya a ɗauki kai, saboda haɗarin da take jawowa a kan lilo. A Japan, wani gari mai suna Fujikawaguchiko ya gaji da baƙi masu tare titi da ƙofar mutane don ɗaukar dutsen Fuji ta saman wani kanti, har a watan Mayun 2024 hukumar garin ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 don ta rufe wurin, kafin a sauke shi bayan 'yan watanni. Ka ji inda abin ya kai, mutanen gari sun gwammace su rufe dutsen da suke alfahari da shi saboda halin baƙi. Alhazanmu ma suna dawowa da labarin masu tsayawa cak a tsakiyar ɗawafi suna ɗaga waya, jama'a na turuwa a bayansu. Ko a nan jiharmu, wanda ya taɓa hawa Mambila ya ga masu tsayar da mota a kan kwana don su ɗauki kwari da gajimare, alhali na bayansu ba ya hango su sai ya iso.

Abin da ya fi ba ni mamaki da kaina shi ne, ba wai ba mu san ladabin layi ba ne. Ina ɗan shekara goma Janar Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a watan Maris na 1984, kuma bin layi ne abin da aka fara da shi. Na ga manya da gemunsu suna tsallen kwaɗo a tasha saboda sun kutsa. Wannan na bulala ne, da bulalar ta tafi da yawansa ya bi ta. Amma akwai wanda muka taso da shi ba bulala. Sau biyar a rana liman yana juyowa ya ce a daidaita sahu, a cike giɓi, kuma babu mai gardama. Sannan ku tuna wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira, da muke kwana a bakin banki. Mu da kanmu muka riƙa rubuta lamba, wani ya ajiye dutse, wani takalmi. In za ka je salla ko cin abinci sai ka dubi na bayanka ka ce, "Don Allah ina gabanka, yanzu zan dawo." Shi kuma ya ce, "Je ka, na gan ka." Musulmi ya tsare wa Kirista wuri, Kirista ya tsare wa Musulmi, a nan Jalingo na gani da idona.

To ka ga ashe muna da ƙa'idar tun tuni. Wurinka a layi na bayanka ne yake riƙe maka shi, da yardarsa, shi ya sa in za ka yi wani abu da ya saɓa wa tafiyar layin kake neman izininsa. Abin da ban yi ba ke nan a ranar. Da na juya na ce wa mutumin nan, "Ɗan'uwa, tsohuwata ce a gida take son hoton jikokinta, ku wuce mu bi bayanku," na tabbata da ko ya wuce yana murmushi, ko ma ya ce in kawo wayar ya ɗauke mu. Bai san da Inna ba, bai san da shaddar auta ba. Abin da ya gani kawai shi ne wani mai babbar riga ya juya masa baya ya tare ƙofa, kamar shi da ɗansa ba mutane ba ne.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina wasu sharuɗɗa, na kuma koya wa yara. In za mu yi hoto a wurin taro, mu yi kafin mu shiga layi ko bayan mun fito. In ya zama dole a cikin layi, to a lokacin da layin yake tsaye, sau ɗaya, kuma ba a bakin ƙofa ba. In layi ya motsa waya tana sama, a sauke ta, ko da auta ya rufe ido. In hoton ya fi mana wurin muhimmanci, mu koma gefe mu ce wa na baya su wuce, kuma kada mu dawo muna cewa sai an mayar mana da wurinmu na da, sai in su suka ba mu. In kuma wani ne ya tare mana hanya, kafin tsaki a fara da, "Kawo in ɗauke ku." Na jarraba wannan ya fi sau biyar, a wurin biki da wurin saukar karatu, ban taɓa ganin ya kasa aiki ba. Mai hoto yana samun abin da yake so da sauri, ya kuma gane saƙon ba tare da an kunyata shi gaban iyalinsa ba. Dattijuwar nan ce ta koya mini, Allah Ya saka mata da alheri.

Ga masu gidajen wasa kuma, in akwai mai karanta wannan a cikinsu, shawara ce kyauta. Ku ɗauke ƙofar furannin nan daga bakin lodi ku kai ta wajen fita, ko ku yi wata irinta a gefe inda ba ta tare kowa. Kuɗin fenti ne kawai, kuma jirginku zai daina tafiya da kujeru babu kowa.

Saura maganar "ku". Har gobe ina nan a kan cewa mutumin nan bai kyauta ba. Laifin mutum ɗaya ba ya zama na ƙabila, kuma 'ya'yana da aka haifa a garin nan ba su san wani gida ba bayan shi. Jalingo kanta gari ne da ya ginu da masu zuwa. Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta a 1893, kusa da Jukunawan Kona da Mumuye da suka daɗe a yankin, mutane ke ta shigowa, fatake da malamai da ma'aikata, har ta zama babban birnin jiha. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya tunda mu kaɗai ne a nan. Mun san yadda ake ji in yaro ya zo neman makaranta ko aiki aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wannan ba abin da za mu warware a bakin lilo ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne, yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa shiga gidajenmu su ga yadda muke ba. A layi suke ganinmu, a keke, a bakin famfo, a yadda muke ajiye mota ranar Juma'a, a yadda muke baza kaya a bakin hanya. Wanda ya riga ya zo da wani zato a ransa, abu kaɗan yake jira ya ce ai ga shi nan. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a ranar nan ni ne waken. Ina kuma tuna samarin nan uku da suka taso don su kare ni. Na gode da kishinsu, amma da an yi abin da ba a so, da sun zubar da jini ne a kan mutumin da ba shi da gaskiya, don kawai yarensu ɗaya.

Bayan kwana biyu na kira 'yata na ba ta amsa. Na ce mata ita 'yar Jalingo ce, babu mai ƙwace mata wannan, kuma jikar mutanen Funtuwa ce, wannan ma babu mai ƙwacewa. Na ce mata mutumin ya yi kuskure da ya yi jam'i, amma ubanta ne ya fara kuskure da ya tare wa mutane hanya, kuma in mutum ya yi laifi ya ba da haƙuri ko da wanda ya yi wa laifin ya fi shi baƙar magana. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai Abba tun a hoto na biyu na so in gaya maka." Na ce to me ya hana ta? Ta ce ta ga na ƙi jin ta Umma.

Hoton da dattijuwar nan ta ɗauka shi na tura wa ƙanena ta WhatsApp ya nuna wa Inna. Ya ɗan karkace, rabin fuskata ma bai fito ba, amma yara duk suna dariya, hular auta tana daidai. Huɗun da na ɗauka a bakin ƙofa na goge su, don duk lokacin da na duba sai in hango mutane a gefe sun ɗaure fuska. Da Inna ta kira, bayan ta gama sa wa yara albarka ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce, "Wannan yaron da ke kusa da mai sunan Malam fa, ɗan wa ne? Na ga ya riƙe masa hannu." Na duba hoton da kyau, ashe kuwa haka ne, ban ma lura ba. Na ce mata ɗan maƙwabcinmu ne. Ta ce Allah Ya raya su tare, na ce amin.

Ban sake haɗuwa da uban yaron ba, ko kuma mun haɗu a kasuwa ban gane shi ba. In Allah Ya sa wani ya karanta masa wannan, ina sake ba shi haƙuri. Ku kuma 'yan'uwa, wata Sallar tana tafe, za a kai yara wasa, Inna ta kowa tana can gida tana jiran hoto. A ɗauka, a tura mata, amma a waiga baya tukuna.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya raya mana zuriya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.

Naku,
daga Jalingo.